Faifan Baba Renzo Na Bakwai

Ni ba mawaƙi ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Ina ɗan shekara sha huɗu shugaban mawaƙan cocinmu a Kagoro ya ja ni gefe, ya ce, "Jonah, Allah ya ba kowa baiwarsa. Kai taka ba a maƙogwaro take ba." Ba a tafi take ba kuma, don in na fara tafi na kusa da ni daina nasa yake yi, kada in ɓatar da shi. Sai aka miƙa mini wayar lasifika aka ce in riƙa naɗewa. Daga naɗe waya na koma gyaran amfilifaya, daga nan ƙafa ta yi ta ja na har wani otal a Al Rigga, a Dubai, inda na shekara tara ina kula da kayan sauti. Kunnena garau yake, ina jin kuskuren makaɗi tun daga bakin ƙofa. Abin da na ji ne ba na iya mayarwa.

A otal ɗin na haɗu da Baba Renzo. Cikakken sunansa Renzo Baldacchi, mutumin Italiya, dogo, siriri, shekararsa saba'in da huɗu. Shi ke kaɗa ogan a ɗakin cin abinci na hawa na biyu, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, lokacin da 'yan kasuwa ke cika ciki da shinkafa, ba mai sauraron kowa. Ogan ɗin nasa ne, ba na otal ba. Tsohon katako ne mai nauyin saniya, da jere biyu na maɓallan hannu, da wasu dogayen sanduna a ƙasa da ake takawa da ƙafa. A gefensa akwai akwatin sauti mai wani abu a ciki da ke juyawa kamar fanka, shi ke sa muryar ogan ɗin ta riƙa rawa. Manaja ya ƙi jinin kayan nan don suna cin wurin tebur biyu. Ni kuwa na so su, ko don su kaɗai ne a ginin suke shan mai kamar keken ɗinki, kuma ni ke ɗiga masu.

Kiɗansa jaz ne. Da farko ban gane masa ba, kuma ni ba na iya ɓoye abu. Na ce, "Baba, kai kullum sai ka fara waƙa, ka bar ta, ka tafi yawo."

Ya ce, "Jona," haka yake kiran sunana, "ai yawon shi ne waƙar. Waccan ta farko ƙofar gida ce kawai."

A wurin ɗiga mai ɗin nan na ji tarihinsa, gutsure-gutsure. A cocin wani ƙauye kusa da Trieste ya koyi ogan, har ranar da fadan cocin ya kama shi yana kaɗa kiɗan Amurkawa tsakanin sujada da sujada, ya murɗe masa kunne. Ya yi shekara biyu yana kiɗa a jirgin ruwan fasinja. Sannan ya sauka Milan, aka san shi. Faifai shida ya fitar, irin na garmaho, yana ajiye da su a kwali. A bangon na farko gashinsa ya yi tsiri kamar an ɗora masa gammo. Na uku ya karɓu, rediyo ta yi ta sakawa har shi kansa ya gaji da ji. Daga nan aka kawo ƙananan kibod waɗanda ake saɓawa a hammata, masu yin ganga da kansu. Wa zai ƙara neman ƙarti uku su hau bene da ogan mai girman kabad? Sai ya bi otal-otal. Iskandariya, Limassol, Manama, ga shi a Al Rigga yana yi wa masu cin biryani kiɗa.

Ba ya faɗin wannan da ɗaci. Wuri ɗaya ne muryarsa ke canzawa, in aka zo kan faifai na bakwai.

A Turin suka ɗauke shi, a yini guda, shekarar 1981, shi da ƙaninsa Dario, makaɗin ganga. Su biyu rak. Kamfanin ya rufe kafin a buga, Dario kuma ya rasu a haɗarin mota kafin shekarar ta fita. Baba Renzo ya shiga ofishin ana kwashe kaya, ya ɗauko abinsa: tef guda huɗu irin na da, kowanne naɗe a kan gargare mai faɗin faranti. Babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Shekara arba'in da uku yana yawo da su daga ƙasa zuwa ƙasa, a ɗaki mai sanyi, nesa da taga.

Sau ɗaya na ji su. Bara ne, da la'asar, a ɗakinsa na hawa na shida. Bel ɗin injin tef ɗinsa ya tsinke, na gyara masa, sai ya ce in zauna. Ban taɓa jin ganga ta yi magana a hankali haka ba. Dario ba ya dukan fata, shafa ta yake yi da wasu 'yan tsintsiyoyin waya, yana ɗan taɓa farantan tagulla, tsit-tsit, kamar mai tankaɗe a ɗakin da jariri ke barci. Ogan ya tafi yawonsa, ganga na biye da shi. A tef na biyu akwai wurin da ogan ya yi shiru gaba ɗaya, ya bar Dario shi kaɗai na ɗan lokaci, sannan aka ji wani ya yi dariya can nesa da makirfo. Baba Renzo ya nuna injin da yatsa ya ce, "Shi ne."

Na ce, "Baba, wannan ba abin bari a tef ba ne. Bari in juye maka a kwamfuta."

Ya ce to. Na duba bayan injin, na ga sai da wata waya mai baki irin na da, wadda ba ni da ita. Na ce sati mai zuwa zan leƙa kasuwar Naif in sayo. Naif ɗin da daga otal ɗinmu ko a ƙafa ana zuwa. Sati mai zuwa ya zama bayan Kirsimeti, bayan Kirsimeti ya zama bayan azumi in aiki ya lafa. Shi bai tuna mini ba, ni ma na bi sahun mutanen garin nan, komai sai in ce inshallah.

A watan Agustan bana, ranar Lahadi, yana tsakiyar kiɗa na ji sauti ɗaya ya maƙale, ya ƙi sauka. Ina bayan labule, na ɗauka maɓalli ne ya cije. Da na leƙo, kansa ne a kan maɓallan. Shanyewar ɓarin jiki, inji likita, ɓangaren dama.

Ko kwana biyu bai yi a asibiti ba manaja ya kira ni. Ya ce kwangilar tsoho ta ƙare, ana bukatar ɗakin da wurin tebur biyun nan kafin Juma'a, kuma tunda ni ne abokinsa, in san yadda zan yi da tarkacensa. Tarkace, haka ya ce. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don bizata a hannunsu take.

To ina zan kai? A Al Muraqqabat nake kwana, mu shida a ɗaki, rabona gado na sama da ƙusa biyu a bango. Sai na tuna Alhaji Halliru.

Alhaji Halliru Bakano ne, ɗan kago. Aikinsa tara kayan mutane, ya cika kwantena, ya tura Legas, daga can a haura da su Kano. Mun saba tun zuwana. Shi ba ya ce mini Jonah, sai Yunusa, wai sunan ke nan na asali mu ne muka lanƙwasa. Duk abin da zan aika wa Mama, bargo ne, fitila mai caji ce, ta hannunsa yake bi. Ka'idar ɗaya ce kowa ya sani: ka ɗaure kwalinka, ka rubuta sunanka da lambar waya da baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, ka ajiye a sitonsa. Ba sai ka ce komai ba. Kuma a duk yankinmu na Deira ba wanda ya kai shi iya lodi. Yana alfahari da cewa iska ba ta hawa kwantenarsa kyauta. In ya ga firji, sai ya cika cikinsa da takalma. In tukunya ce, da agogo. Alhaji ba ya ganin rami ya wuce.

Na kira shi na ce ina da ajiya, kayan kiɗan wani dattijo ne da ke asibiti. Ya ce, "Yalla, kawo, Yunusa. Sito naka ne."

Mu huɗu muka sauko da ogan da akwatinsa da injin tef. Tufafi da faifan garmaho na bar su wurin mai gadin otal. Tef huɗun nan kuwa na ware su, na naɗe da tawul, na sa a wani kwali mai kauri. Da muka isa sito Alhaji ya tafi masallaci, wurin cike da kwalaye har rufi, duk kamarsu ɗaya. Na tsorata kada nawa ya ɓace a ciki. Sai na yi abin da hannuna ya saba. Na ɗauki maka na rubuta JONAH da manyan baƙaƙe, na sa lambar wayata a ƙasa. Har wani daɗi na ji, wai na yi dabara.

Kwana goma sha ɗaya Baba Renzo bai yi magana ba. 'Yarsa Ilaria ta zo daga Bologna, mace mai kamar shekara arba'in da biyar, mai hancin ubanta. Ni kuma duk ranar da na tashi da wuri sai in je in zauna. A rana ta goma sha biyu bakinsa ya buɗe, a karkace, kalma na fita da ƙyar. Ilaria ta tare ni a baranda tana murmushi da hawaye. Ta ce akwai wani ƙaramin kamfani a garinsu da ke tono tsofaffin kiɗan jaz, shekara uku suna roƙon faifai na bakwai yana ƙi. Yau da safe ya ce a ba su. Ya ce hannun ya tafi, to a bar mutane su ji lokacin da yake nan, su ji Dario. Ranar Lahadi za su tashi.

Na shiga. Ya kama hannuna da na hagunsa, ya ce, "Jona. Tef."

Na ce, "Suna nan lafiya, Baba. Gobe zan kawo."

Da safe na je sito. Ogan na nan an lulluɓe shi da tabarma, injin tef na kansa. Kwali babu. Alhaji Halliru na zaune a kan buhu yana shan shayi, da ya ga ina dube-dube sai ya fashe da dariya.

"Saƙon Mama kake nema? Ai ya yi gaba, habibi. Kuma ko sisi ba za ka biya ba, don bai ci mini wuri ba."

Na ce, "Wane saƙon Mama?"

"Kwalin da ka sa wa suna mana. Ajiyar dattijo ga ta can, ko ƙuda bai sauka a kai ba. Naka kuwa na buɗe, na ga wasu faranta huɗu masu zare. Na ce wannan abin lallaɓawa ne, ba za a danne shi da kaya ba. Ka san inda na sa maka su?" Ya ajiye kofi, don ya ji daɗin ba da labarin. "Akwai manyan sifiku na wani mai kiɗan biki a Fagge. Na kwance bayansu da kaina, na sa ɗaya-ɗaya a ciki. Akwai wani baƙin ƙarfe mai nauyi a tsakiya, na jingina su da shi, na ɗaure da salatif, na kewaye da gyaluluwan wata kwastomata, Hajiya Ummi Kulsum. Ko jirgin ya kife ba abin da zai taɓa su."

Baƙin ƙarfen nan maganaɗisu ne. Duk wanda ya taɓa riƙe sukundireba a gaban rediyo ya san tef da maganaɗisu ba sa haɗa hanya, don da shi ake rubuta sauti a kan tef, da shi kuma ake gogewa. Shekara arba'in da uku tsoho na kaffa-kaffa da abinsa, ni na kawo shi na miƙa wa abu ɗaya tak da ke iya cinye shi ba tare da ya taɓa kwalin ba.

Na so in yi masa ihu. Amma me zan ce? Mutum ya ga suna da lamba, ya yi abin da suna da lamba ke nufi a sitonsa shekara ashirin. Ya ma ƙara da alheri. Da na yi masa bayani, sai fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Ya ce, "Innalillahi. Amana ce ashe." Ya ɗauki waya.

Kwantenar ba ta shiga ruwa ba. Tana wani fili kusa da tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali tana jiran motoci biyu na kaya kafin a rufe ta, kwana tara ke nan a rana. Sifikun kuwa, da yake su ne masu nauyi, su aka fara sakawa, suna can ƙurya. Kafin a kai gare su sai an fitar da kayan mutum arba'in da wani abu. Na ce masa wataƙila aikin gama ya riga ya gama. Ya ce ko toka ce ta rage, sai ya mayar wa mai ita tokarsa.

Mun isa wajen sha ɗaya. Wanda bai taɓa shiga kwantena a Jebel Ali a watan Agusta ba, kada ya ce mini ya san zafi. Ƙarfen ƙofar ba ya taɓuwa sai da tsumma. Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya rage daga shi sai singileti, mutum mai shekara sittin da ciwon suga, ya shiga gaba. Masu lodin filin suka ce ba sa aiki da tsakar rana, doka ce, kuma gaskiyarsu. Muka yi mu biyu. Katifu, tayoyi, injin markaɗe, katan-katan na turare da suka fara zuba, kekunan yara. Duk abin da ya ɗaga sai ya faɗi sunan mai shi, kamar yana ba shi haƙuri. Lodin da ya yi alfahari da shi, shi ya zame mana bango, don ko yatsa ba ya shiga tsakanin kaya da kaya.

Sai bayan la'asar muka kai ga sifikun. Na kwance bayan na farko. Ga tef nan kwance a jikin maganaɗisu, an ɗaure shi tsaf, gyale ruwan hoda na kewaye da shi. Alhaji ya ɗauko shi da hannu biyu, ya juya shi a haske.

"Duba, Yunusa. Wallahi ko ƙwarzane babu. Ƙila Allah ya kiyaye."

Ɓarnar irin wannan ido ba ya ganinta.

Washegari Asabar na kai injin ɗakin gyaranmu na otal, na kulle ƙofa, na ɗora tef na farko. Minti ɗaya na saurara na kashe. Na gwada na biyu, na uku, na huɗu. Na kira wani Ba'indiye ɗan Kerala da ke gyaran kayan situdiyo a Al Quoz, na kunna masa ta waya. Ya ce abin da aka goge an goge, ba injin da ke dawo da shi, sai dai a rage shuuu ɗin. Na zauna ina kallon bango. A kan teburin, cikin leda, ga wayar nan mai baki irin na da. Na saye ta a Naif da safen nan, cikin minti goma.

Na yi tunanin ƙarya, ba zan ɓoye ba. In ce kwastan sun riƙe, ko in ce jirgi ya tafi da su, za a dawo da su bayan wata uku. Tsoho zai tafi da sa rai, wataƙila ma ya mutu da shi. Amma na san zai riƙa tambayar 'yarsa kowace safiya, kuma ita za ta riƙa kirana.

An sallame shi daga asibiti, suna wani masauki kusa da tashar metro ta Al Rigga kafin jirginsu. Alhaji Halliru ya ce sai ya bi ni. Ya sa farar shadda, ya riƙo kwalin dabino. A cikin lif ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Yunusa, tsakani da Allah, ba inda ake sayar da irinsa? Ko a China ne, ina da mutane."

Na ce, "Alhaji, guda ɗaya aka yi."

Lif ya tsaya, muka fita.

Baba Renzo na kan keken guragu a bakin taga, an yi masa aski, hannun damansa na kan cinya kamar ba nasa ba. Da ya ga kwalin, rabin fuskarsa ya yi murmushi. Ban bari na zauna ba. Na faɗa masa komai a tsaye, da Turancin da ya rage mini: sito, maka, sunana, sifiku, kwana tara. Na faɗa masa har da wayar da ban saya ba shekara guda. Alhaji ba ya jin abin da nake cewa sosai, amma ya gane inda aka kai, sai ya dafa ƙirji ya ce, yana haɗawa da Larabci, "Ni ne, Baba. Ana, ana. Ni na sa su." Ilaria ta rufe baki da hannu, ta juya mana baya.

Tsoho ya daɗe yana kallon kwalin. Sannan ya ce, "Saka."

Na ce, "Baba..."

"Na biyu. Saka."

Na haɗa injin, na zare tef, na danna. Gargare ya fara juyawa.

Ogan ɗin na nan, amma kamar daga ƙarƙashin bargo, kuma duk zagaye ɗaya sai ya nutse ya taso, ya nutse ya taso, daidai gefen da ya jingina da ƙarfen. Ana iya gane waƙar in an san ta. Sai dai maganaɗisu siririn sauti yake fara ci kafin mai kauri. 'Yan tsintsiyoyin nan, da farantan tagulla, da duk abin da Dario ya yi da lallausan hannu, babu. Ogan na tafiya yawonsa shi kaɗai.

Baba Renzo ya karkata kai, ya kawo kunnen hagu kusa. Ƙafarsa ta hagu na motsi a kan matakin keken, tana neman sandunan da ba su nan. Aka zo wurin da ogan ke yin shiru ya bar wa ganga fili. Shirun ya zo. Ba abin da ke ciki sai shuuu. Na ƙirga a raina har inda dariyar take. Ba ta zo ba.

Ya ce, "Tsaya." Na tsayar.

Ya dube ni. Na shirya wa zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai ya ce, a hankali, yana jan kowace kalma, "Ilaria ba ta taɓa ji ba. Ban iya sakawa a gabanta ba. Ni na ji. Kai ka ji." Ya taɓa goshinsa da yatsa. "Nawa yana zuba, Jona. Tun asibiti nake nema, ba na samun yadda Dario ya shigo. Kai ka ji. Yi mini."

Ya tura mini ƙaramin teburin da ke gabansa, wanda aka ɗora magunguna.

Ina jin sa. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, har yau. Ina jin Dario a cikin kaina tsaf, kowane shafi na tsintsiyar, da ɗan jinkirin da yake yi kafin ya taɓa tagulla, da dariyar. Ba abin da ya goge a nawa. Na mayar da tef baya, na danna, na ɗora yatsu a kan tebur. Da shirun ya zo na fara bugawa.

Kwalaben magani suka yi ƙara. Ni kaina na ji na riga shi shiga.

Ya ce, "A'a. Ba haka ba. Kuma."

Na mayar, na sake. Wannan karon na makara. Na gwada da baki, tsit-tsit, abin ya fito kamar ana korar kaji. Alhaji Halliru na tsaye a bakin ƙofa da dabinonsa a hannu, hawaye na bin gemunsa, bai ma san me ake nema ba. Ilaria ta zo ta durƙusa kusa da ubanta tana kallon yatsuna, tana jira ta ji kawunta.

"Kuma," inji shi.

Sau biyar na yi. A na biyar bai ce a'a ba. Ya miƙo hannun hagu ya ɗora a kan nawa, ya danne su a kan tebur.

Ya ce, "Ya isa, Jona."

Ba wanda ya tashi ya kashe injin. Ogan ya ci gaba da nutsewa yana tasowa har tef ya ƙare, jelarsa ta zare, ta shiga dukan jikin injin, fat, fat, fat, ba ta riga ba, ba ta makara ba. Baba Renzo ya rufe ido, ƙafarsa ta hagu na bin ta.